Abin da Tabarya Ta Faɗa wa Goggo

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Goggo ta koma da hantsin wata Talata a gadon asibiti, ina zaune kusa da ita ina tsammanin barci ne ya ɗauke ta. Yayar babana ce. Ita ta goye ni lokacin da aka yaye ni a ƙauyenmu, ni kuma na rufe mata ido a ƙasar da ta shekara goma sha wani abu a cikinta ba ta koyi kalmar Turanci ko ɗaya ba sai "tankiyu".

Kafin azahar falona na Silver Spring ya cika da masu gaisuwa. Na yi ta'aziyya da yawa a ƙasar nan, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Kowa ya shigo sai ya ce "Allah ya gafarta mata", yana danna kalmar gafarar kamar yana da labarin zunuban tun daga farko. Wata ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ta dai samu yin kalmar shahada ko?" Wata ta shaƙi ƙamshin turaren da ya kama labulena, ta yi a'uziyya a fili. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matan da suka san hanyar ɗakin Goggo ko da an ɗaure musu ido, ranar suna tsaye a tsakiyar falo suna tambayata ina banɗaki yake. Wani dattijo ɗan Nijar mai tuƙa tasi shi kaɗai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi kuka da hawaye, bai shigo ba, ya juya ya tafi. Wata nas Kirista 'yar Filato ta kawo kunun gyaɗa a kula, ta zauna a ƙasa tana share hanci da gefen rigar aikinta.

Goggo 'yar bori ce. Na faɗa a nan ne don kada wani ya ce shi ya tono. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma wankan ne ma ya zama magana.

Yaya, babban ɗanta, ya je wurin liman a kan jana'iza. Liman tambaya ɗaya ya yi: tana sallah? Aka ce tana yi. Ya ce to me ake jira, a kawo ta gobe bayan azahar. Maza ba su ba mu wahala ba. Sai aka zo kan mata masu wankan gawa, waɗanda matar wani dattijon masallacinmu da muke kira Kawu take jagoranta, ita da kowa yake kira Hajiya, mai karantar da mata a ƙarshen mako. Na kira ta farko, ta ce tana da shif a wurin aiki ba za ta iya canzawa ba. Ta biyu ta ce tana fashin sallah. Ta uku ta ce bayanta ne ya riƙe. Mata kusan goma, duk a rana ɗaya jikinsu ya lalace. Da na kira Hajiyar da kanta, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "'Yata, ba ƙi muka yi ba. Amma kin san abin da take taɓawa. Mutum yana tsoron imaninsa." Na riƙe wayar ina kallon ɗan turmin Goggo da ke kan firij.

Ba ita ta zaɓi borin ba. Tana amarya ciwo ya kwantar da ita, aka sha rubutu, aka je asibitin birni, ba sauƙi, sai da aka girka ta sannan ta tashi. Takan ce, "Ni ban je neman su ba, su suka zo, kuma baƙo ko ba ka so shi ka ba shi tabarma." Sallarta ba ta wuce ta, azumi kuwa har na Litinin da Alhamis. Ko daidai ne ko ba daidai ba, wannan tsakaninta ne da Wanda ya halicce ta da su baki ɗaya. Ni abin da na gani zan faɗa.

Yaya ne ya kawo ta ƙasar nan, gidansa na Wheaton, don rainon 'ya'yansa, da sharaɗin ta bar "waɗannan abubuwa" a gida. Ta bar ƙwaryarta da kayan mutanenta a hannun ƙanwarta, ta naɗo ɗan ƙaramin turmi da tabaryarsa a cikin zani. A ƙasar nan ba a taɓa kaɗa mata garaya ba, ba ta taɓa yin wasa ba. Sai dai wani lokaci ana cikin hira ta yi tsit, idonta ya tafi wani wuri, muryarta ta yi kauri, can ta yi atishawa ta nemi ruwa. Yaya ya ce, "Inna, ba mun yi da ke kin bar su ba?" Ta ce, "Kai ka nema mini biza. Su ba su nemi ta kowa ba."

Rabuwarsu ta zo ne ta kan turare. Wata ranar sanyi ta sa garwashi a kasko, hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta ɗauka, ga motar kashe wuta da jiniya, duk mutanen benen suka fito waje da barguna. Yaya ya dawo aiki ransa a ɓace, dama yana jin ƙus-ƙus a masallaci. Ya ce, "Inna, kina zubar mini da mutunci a garin nan." Ta dube shi ta ce, "Mutuncin da hayaƙin turare zai zubar, ai dama a bakin ƙwarya yake." Washegari ta ɗaure kayanta ta ce in zo in ɗauke ta. Jikokin suna kuka suna kiranta da Turanci, tana lallashinsu da Hausa. Tun daga ranar a wurina take. Ba ta kiran sunana, saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini, sai dai ta ce Uwata.

A gidana ne na ga yadda take aiki, kuma ba yadda mutane suke zato ba ne. Goggo ba ta daka wa kowa magani. Saiwoyi da sassaƙe matafiya suke kawo mata cikin kaya, citta da kanumfari da kimba kuwa ni nake sayo mata a shagon 'yan Afirka. In mace ta zo, sai ta zaunar da ita a kan darduma, ta ninke tawul ta sa ƙarƙashin turmin saboda mutumin da ke ƙasanmu, wanda yakan zunguri silin da tsintsiya in ya ji daka. Ta zuba abin da za ta zuba, ta miƙa tabarya, ta yi tambayarta guda biyu da kowa ya haddace: "Don wa? Don me?" Mai buƙata ce za ta daka da hannunta, tana faɗin buƙatar da bakinta. Ita kuma Goggo sai ta juya baya ta fuskanci bango tana sauraro.

Na taɓa tambayarta me take ji. Ta ce, "Baki yana ƙarya, fuska ma ta iya, shi ya sa ba na kallonta. Hannu ne bai iya ba. Mai neman sauƙi dakanta daban, mai son ta fasa kan wani dakanta daban." Takan ce saiwa ba ta san kowa ba, 'yar aike ce, inda aka tura ta nan za ta. Mutanen ɓoye ma haka, kamar wuta suke, da ita ake dafa tuwo da ita ake ƙona rumbu.

Ni da nake aiki a gidan tsofaffi ina raba ƙwayoyi safe da yamma, nakan tsokane ta. Na ce, "Goggo, in magani magani ne ai zai yi aiki. Maganin ciwon kai da nake bayarwa bai taɓa tambayar kowa niyyarsa ba." Ta ce, "Shi ya sa suka yi masa murfin nan da ni ma ba na iya buɗewa. Ni murfina tambaya ce." Ta ci ni, ta kuma kwana biyu tana ba wa duk wanda ya shigo labarin yadda ta kayar da likita. Ni ba likita ba ce, amma a wurin Goggo duk mai sa farin takalmi likita ne.

Tana da nata halin, kada a ce na wanke ta tas. Faɗa ne da ita kamar me. Ba ta cin abincin da ya kwana a firij, takan ce gawar tuwo ce. In ta tsani mutum, ko gaisuwarsa da ka take amsawa. Ta yi fushi da ni na tsawon wata guda don na wanke turminta da sabulu.

Akwai wata 'yar Kumasi mai aikin kula da wata tsohuwar Baturiya a Annandale. Ta bar ɗanta yana ƙarami a gida, yanzu ya girma ya daina ɗaukar wayarta. Ta hau bas ta hau jirgin ƙasa ta zo, tana so a ba ta abin da zai juyo da zuciyarsa. Goggo ta ba ta tabarya ta juya baya. Matar ta ɗaga ta sauke sau kaɗan, ta buɗe baki za ta faɗi don wa, kuka ya ƙwace mata. Saiwar ko fashewa ba ta yi ba, amma Goggo ta ce, "Ya isa, ya yi laushi." Ta jiƙa mata a kofi ta ce ta shanye, ba ɗan za a ba wa ba. Sannan ta ce, "Ki yi ta kiransa. Ranar da ya ɗauka kada ki ba shi haƙuri, kada ki gaya masa wahalar da kika sha. Ki bar shi ya zage ki har ya gaji." Daga baya matar takan zo duk ranar hutunta ta yanke wa Goggo farce, tana kiranta Mma da irin Hausarsu ta zango.

Yanzu sai maganar da Goggo ta hana ni faɗa.

Babban ɗan Hajiya ya auri wata baƙar fata 'yar ƙasar nan da ta musulunta. Yarinya mai kunya, ta koyi durƙusawa, ta koyi "ina kwana Mama", amma Hajiya ba ta taɓa kallonta da idon rahama ba. Wata Asabar da la'asar sai ga Hajiya a gidana, ta ja hijabi har kan gira, ta ce wucewa take ta ce bari ta gaida tsohuwa. Ana so ana kaiwa kasuwa. Ina kicin, ƙofa a buɗe, na ji an ninke tawul.

"Don wa?"

"Don ɗana."

"Don me?"

"Don ya samu kwanciyar hankali."

Daka ya fara. Ni da ba ni da mutanen ɓoye ko ɗaya, daga kicin na ji yadda tabaryar take sauka. Mutumin ƙasa ya zunguro silin duk da tawul.

Goggo ta ce, "Hajiya, tabaryarki ba haka take faɗa ba. Sake."

"Don zaman lafiyar gidansa."

"Sake."

Sai Hajiya ta ce, da muryar da ban taɓa jin ta karantar da ita ba, "Ta fita. Ta bar mini ɗana. Ko ta wace hanya."

Goggo ta ce, "Da cikin da take ɗauke da shi?"

Hajiya ta ci gaba da daka.

Goggo ta miƙe da ƙyar, don gwiwarta ta riga ta fara ciwo. Ta karɓe turmin ta shigo kicin ta wuce ni, ta juye garin a sinki, ta sakar masa ruwa har ya tafi. Ta koma ta ce, "Ki je ki yi alwala ki yi istigfari. Ni ma zan yi, don a ɗakina aka faɗa." Hajiya ta fita ko takalminta ba ta gama sawa ba.

Ba a yi wata biyu ba magana ta cika gari: akwai mushirika a Silver Spring, mai kiran aljanu, duk matar da ta taka gidan sallarta ta kwana arba'in ba ta karɓuwa. A karatun mata aka fara faɗa, ba a kama suna ba, ba a kuma buƙatar kamawa. Borin kunya dai Hajiya ce ta hau shi. Masu zuwa ba su daina zuwa ba, sai dai yanzu sukan sauka a tashar bas ta gaba su dawo da ƙafa, in sun haɗu da ni a shago su ɗauke kai. A wurin suna ko biki sai a bar Goggo ita kaɗai a kan kujera da faranti a cinya.

Na ce wallahi sai na tashi a gaban matan nan na faɗi abin da na ji. Goggo ta ce, "Uwata, don wa?" Na ce don ke. Ta ce, "Ƙarya kike, don ki ga ta ji kunya ne. Kuma in kin faɗa, yarinyar nan ta ji, da wane ido za ta sake kallon uwar mijinta? Abin da na zubar a sinki ke za ki kwaso ki ba ta ta sha? Abin da aka faɗa a bakin turmi, a turmi yake mutuwa."

Da yarinyar ta haihu, uwarta tana wata jiha mai nisa, surukarta kuma ta leƙa sau ɗaya ta ce aiki ya yi mata yawa. Goggo ce ta sa na riƙa kai ta kullum da safe kafin in wuce aiki. Ta dafa ruwa a babbar tukunya ta yi mata wankan jego a bahon Turawa, ta gasa mata jiki, ta dama mata kunun kanwa. Ba mai jin yaren wani, da hannu da dariya suka yi arba'in ɗin. Yarinyar ba ta san komai ba, har yau ba ta sani ba.

To ita ce ta kira ni da yammacin Talatar nan, bayan na gama jin uzurin mata goma. Ta ce da Turanci ta ji ana neman masu wanka, ita ta koya a ajin sababbin musulunta, ba ta dai taɓa yi ba, in ba damuwa tana so ta yi wa Goggo. 'Yar Kumasi kuma ta bar tsohuwar Baturiyarta a hannun wata ta ce ko za a kore ta sai ta zo.

Mu uku muka shiga ɗakin wankan da safiyar Laraba. Goggo ta ƙanƙance a kan teburin ƙarfe, kitson da na yi mata a asibiti yana nan bai warware ba. Yarinyar ta sa safar hannu, ta gwada ɗumin ruwan a bayan hannunta kamar yadda Goggo take yi mata, sannan ta dube ni ta ce ni ce jininta, ni zan fara ƙulla niyya. Na ɗaga buta. Ba Goggo ce a zuciyata ba a lokacin, fuskokin matan nan ne ɗaya bayan ɗaya, da abin da zan gaya wa kowace. Na ajiye butar na fita na jingina da bango a waje. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Da na dawo ba wai zuciyar ta huce ba ce, na dai samu ɗan wurin da ba wuta a cikinta, na tsaya a nan na ce don Allah, don Goggo. Muka wanke ta. 'Yar Kumasi tana zuba ruwa tana cewa, "Sannu Mma, sannu Mma," kamar mai tsoron kada ya yi mata zafi.

An yi mata sallah, an kai ta. Yaya ya yi kukan da ya kamata ya yi tun ranar da ta bar gidansa.

Ranar sadakar uku duk matan suka zo, baya ya saki, shif ya gyaru. Aka ci shinkafa aka ci waina. Ina kicin ina juye miya sai ga Hajiya ta shigo ta turo ƙofa. Ta yi mini gaisuwa mai tsawo, ta ce mutuwa rigar kowa. Idonta yana kan firij. Sai ta rage murya ta ce, "'Yata, tsohuwar nan ba ta bar ɗan wani abu ba? Irin saiwoyin nan. Kada dai a zubar a banza."

Ta cikin ƙofar ina hango surukarta a falo tana haɗa mata shayi, ta san cokali nawa na sukari Mama take sha.

Na sauko da turmin na ajiye a gabanta, na ɗora tabaryar a kai. Na ce, "Don wa, Hajiya?"

Ta dube ni, ta dubi turmin. Ta ce, "A'uzubillahi. Ke ma kin fara ke nan?" Ta gyara hijabinta, ta ɗauki shinkafar da aka ƙulle mata a leda, ta fita ta karɓi shayinta.

Saiwoyin na zubar da su, don ban san kansu ba kuma ba wanda ya girka ni. Turmin yana nan a kan firij, ban sake sa masa sabulu ba.

Na zauna rubuta wannan ne ina cewa don kada a manta da Goggo, don jikokinta da ba su jin Hausa sosai wata rana su samu mai karanta musu. Ban kama sunan kowa ba, kuma yarinyar ba ta karatun Hausa. Da wannan nake lallashin kaina. Amma na san abin da aka ce ya mutu a turmi ga shi na kwaso shi na shanya a rana, kuma na san da tana nan da ta juya mini baya ta saurara, da tuni ta ce, "Uwata, sake." Na sake ɗin, ba sau ɗaya ba, kullum haka yake fitowa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Goggo, Ya duba ki da niyyarki, tunda Shi ba a ɓoye maSa ta. Ni dai ga abin da na daka. In kin ji tabaryata ba haka take faɗa ba ki yafe mini, don babu sauran wanda zai karɓe ya zubar mini da shi a sinki.